Sarƙar Ƙaramar Tanka: Tayar Haƙora Ce Alƙali

 Yau hirarmu da masu haɗa ƙananan samfuran tankokin yaƙi ce, irin waɗanda ake sayowa a kwali gunduwa-gunduwa, mutum ya zauna ya yanke, ya goge, ya manna, ya shafa fenti, har abu ya fito tamkar tankar gaske da aka ƙanƙance. A cikin wannan aiki kuwa abu ɗaya za mu ɗauka, wato sarƙar da tanka ke tafiya a kanta. Idan wadda ta zo a kwalin ba ta gamshe ka ba, ko ta tsinke, ko ta ɓace, wacce za ka saya a madadinta? Kuma ta yaya za ka tabbatar za ta hau, tun kuɗinka suna aljihu?

Wanda bai taɓa riƙe irin wannan kaya ba, ya ɗan dakata kada ya murɗa tasha. Zancen awo ne da lura, kuma duk mai aikin hannu zai tsinci abin amfani a ciki.

Mu fara da girma. Kowane samfuri yana da lambarsa a jikin kwali: 1/35, 1/48, 1/72, 1/16. Idan aka ce 1/35, ana nufin an raba kowane tsawo na tankar gaske gida 35, aka ɗauki kashi ɗaya. Wannan shi ne girman da ya fi yawa a kasuwa, kuma a kansa mafi yawan bayaninmu zai tsaya. Asalinsa ma yana da nasaba da abin da za mu faɗa. A farkon shekarun 1960 kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a ƙasar Japan ya fitar da samfurin tankar Jamus mai suna Panther, da ɗan inji da batura a cikinta don ta riƙa tafiya. An yi girman jikin ne yadda baturan za su samu wurin zama, da aka lissafa sai aka ga ya faɗo a kan 1/35, daga nan kuma sauran kamfanoni suka bi sahu. Ku riƙe wannan: samfuran farko an gina su ne don inji ya shiga, ba don awo ya yi daidai da tankar gaske ƙwabo da ƙwabo ba. Har yau ana sayar da wasu daga cikin tsofaffin nan a sababbin kwalaye, kuma su ne suka fi ba masu sauya sarƙa ciwon kai.

To me ma zai sa mutum ya sauya sarƙar da ta zo a kwali? Yawancin tsofaffin kwalaye suna zuwa da sarƙa ta roba mai laushi, zare biyu dogaye, ka naɗa ka haɗa bakin da zafin ƙusa ko da zare. Irin wannan tana da sauƙin ɗorawa, amma sau da yawa cikinta sumul yake babu zane, fenti ba ya kama ta sosai, gam ɗin roba ba ya riƙe ta, kuma ba ta kwanciya a kan tayoyi yadda sarƙar ƙarfe mai nauyi take kwanciya. Wani lokaci tana ɗan gajarta, sai ta riƙa jan tayar gaba da ta baya har ƙafar da ke riƙe da su ta lanƙwashe. Akwai kuma wadda idan ta daɗe tana manne da tayoyin roba mai tauri, man da ke jikinta yakan narkar da bakin tayar. A ɗakin da rufin kwano ke dafawa a watan Afrilu, irin wannan lalacewa ba ta jiran shekaru masu yawa.

Abin da ake samu a madadinta iri-iri ne. Akwai ta roba mai tauri da ke zuwa dogayen yanki na sama da ƙasa, da gaɓoɓi ɗai-ɗai na zagaye tayoyi. Akwai wadda kowace gaɓa daban take, ka jera ka manna. Akwai mai motsi, wadda ake haɗa gaɓoɓinta da ƙananan filoli, irin ta kamfanin Modelkasten na Japan, ko AFV Club na Taiwan, ko MiniArt na Yukren. Akwai ta ƙarfe mai laushi, gaurayen kuza, wadda kamfanin Friulmodel ya yi suna a kanta, ana zura wayar tagulla a ramin kowace gaɓa. Masterclub shi ma yana yin ta ƙarfe, amma da nasa filolin. A 'yan shekarun nan kuma ga waɗanda ake bugawa da injin ɗab'i mai fitar da siffa, na rezin, zanensu kamar a taɓa a ji sanyin ƙarfe. Kowacce na da masoyanta. Amma kyan sarƙa daban, hawanta a kan samfurinka daban, kuma nan ne mutane suke asarar kuɗi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne saye da suna. Mutum ya ga kwalinsa an rubuta Sherman, ya ga sarƙa an rubuta Sherman, 1/35 nan, 1/35 can, sai ya biya. Suna ba ya isa. Sarƙa sai ta gamsar da alƙalai biyu: tankar gaske da kake kwaikwaya, da kuma tayar haƙoran da ke cikin kwalinka, wato tayar da ke jan sarƙa.

Bari mu ɗauki alƙali na farko, mu tsaya a kan ita Sherman ɗin, tankar Amurka ta Yaƙin Duniya na Biyu. Sherman tana da ƙafafu iri biyu. Na farkon, wanda ake kira VVSS, sarƙarsa siririya ce, faɗinta kusan milimita 420, kuma ƙahonin da ke hana ta zamewa suna gefe da gefe, a jikin mahaɗan gaɓoɓi. Na biyun, HVSS, wanda ya zo a ƙarshen 1944, sarƙarsa ta kai inci 23, wato milimita 584, ƙahonta kuma a tsakiya yake, yana bi tsakanin tagwayen tayoyi. A samfurin 1/35, ta farko milimita 12 ce, ta biyu kusan 17. Babu dabarar da za ta sa ɗaya ta hau gurbin ɗaya. Ko a cikin siririyar ma akwai T48 mai roba da zanen kibiya, akwai T51 mai roba shafaffiya, akwai T49 ta ƙarfe mai sanduna, akwai T54E1 ta ƙarfe mai zanen kibiya. Waɗannan duk za su hau taya guda, bambancinsu na tarihi ne, ya danganta da rundunar da kake nunawa da kuma fagen da ta yi yaƙi. Sai kuma abin da ya fi kama mutane ba shiri: Sherman ta yau da kullum tana da gaɓa 79 a kowane gefe, amma M4A4, wadda Turawan Ingila suka yi amfani da ita sosai har suka ɗora mata babbar bindiga suka kira ta Firefly, jikinta ya fi tsawo, gaɓa 83 take ci. Ka sayi fakitin da aka ƙidaya don gajeriyar, ka wayi gari sarƙa ta ƙare tayar baya ba ta rufu ba.

Ga Tiger ta Jamus. Sarƙa biyu gare ta. Ta fagen fama faɗinta milimita 725, gaɓa 96 a kowane gefe. Amma da wannan faɗi tankar ba ta shiga ma'aunin jirgin ƙasa, don haka idan za a yi jigilarta sai a kwance tayoyin waje, a ɗaura mata wata siririya mai milimita 520. A samfuri, ta farko kusan milimita 21, ta biyu kusan 15. Duka biyun ana sayar da su, duka biyun an rubuta Tiger a jikinsu. Wanda ya sayi ta jigila bai sani ba, zai ga tayoyin waje sun leƙo sun fi sarƙar faɗi. Sannan akwai zancen shekara. Sarƙar farko fuskarta babu ƙananan ƙuraje masu kama ƙanƙara, sai a ƙarshen 1943 aka ƙara su. Tiger mai lamba 131, wadda sojojin Ingila suka kama a Tunisiya a watan Afrilun 1943, wadda yanzu take gidan tarihin tankoki na Bovington, ta zamanin farko ce. Idan ita kake ginawa, ka ɗora mata sarƙar 1944, za ta hau lafiya lau, amma ka sa mata abin da ba a ƙera ba tukuna a ranar da aka kama ta.

Panzer IV kuwa bambancin nata ɗan ƙanƙane ne, shi ya sa ya fi haɗari. Na farko-farko sun hau sarƙa mai faɗin santimita 36 zuwa 38, daga ƙirar Ausf. F a 1941 aka koma santimita 40, aka kuma sauya tayar haƙora don ta dace. Tsakanin 38 da 40, a samfuri, bai wuce rabin milimita da ɗan ɗori ba. Ido ba zai gani ba a hoton talla. Tayar haƙora kuwa za ta gani.

Wanda zuciyarsa ke kan tankokin da suka taka ƙasarmu, T-55 ta tsohuwar Tarayyar Sobiyat ita ce ta fi kusa. Sojojin Nijeriya sun mallake ta, sojojin Chadi kuma sun kama da dama daga hannun Libiya a yaƙin 1987. Asalin sarƙarta ita ce OMSh, faɗin milimita 580, gaɓa 90. Daga baya aka riƙa sanya wa wasu RMSh, irin ta T-72, mai roba a cikin mahaɗa. Faɗinsu ɗaya, amma kowacce da irin tayar haƙoranta. Ƙasashe da yawa sun sayi T-55 a lokuta daban-daban, daga masana'antu daban-daban, wasu kuma an yi musu kwaskwarima a hanya. Saboda haka kada ka ce T-55 kawai. Nemi hoton ainihin tankar da kake so, na lokacin da take aiki, ka ƙura wa fuskar sarƙar ido. Na ce na lokacin da take aiki, domin tankar da aka girke a gidan tarihi ko a ƙofar bariki sau da yawa an ɗaura mata abin da aka samu ne, ba lallai nata na asali ba.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna bayani ne a kan zaɓen sarƙar da za ta dace da ƙaramin samfurin tanka. Mun gama da alƙali na farko, wato tarihi. Yanzu ga na biyu, wanda a ganina ya fi na farko iko, domin tarihi idan ka saɓa masa masana ne kawai za su gane, tayar haƙora kuwa idan ka saɓa mata aikin ma ba zai haɗu ba.

Duk wanda ya taɓa sauya sarƙar babur ya san cewa ba tsawonta kaɗai ake dubawa ba. Dole ramukanta su faɗa daidai kan haƙoran faranti, in ba haka ba ta riƙa tsalle tana cin haƙora. Haka abin yake a nan. Abu uku ne za su yi daidai. Na ɗaya, tazarar da ke tsakanin fil da fil, wato tsawon gaɓa guda. Na biyu, nisan da ke tsakanin layukan haƙora biyu na tayar, domin yawancin tayoyin nan faranti biyu ne aka haɗa, kuma kowane layin haƙora yana da ramin da zai shiga a jikin gaɓa. Na uku, kaurin ƙahon sarƙa da faɗin hanyar da zai bi a tsakanin tayoyin ƙasa.

Mu yi ɗan lissafi a kan na ɗayan, don a ga yadda ƙaramin abu ke girma. Gaɓar Tiger ta gaske milimita 130 ce daga fil zuwa fil. Raba 35, ka samu milimita 3.7. A ce mai ƙera sarƙar ya yi tasa 3.8, mai ƙera kwalin kuma ya yanka haƙoransa a kan 3.7. Bambancin kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, kaurin takarda. A haƙori na farko ba za ka ji komai ba. A na uku sarƙa ta fara ɗagawa. Kafin ta zagaye rabin tayar, ta hau kan haƙora ta zauna a sama. A tsawon gaɓa 96 kuma wannan kaurin takarda ya zama kusan santimita guda, fiye da gaɓa biyu da rabi. Kuma ba wai ɗayansu ya yi ha'inci ba ne. Wani ya auna tankar gidan tarihi, wani ya bi zanen masana'anta, wani ƙarfensa ya ɗan tsuke da ya huce, wani kuma, kamar yadda muka faɗa a kan tsofaffin kwalaye, ya karkata awo tun farko don inji. Shi ya sa sarƙar da ta fi kowacce bin awon gaskiya tana iya ƙin hawa tsohon samfuri, alhali wata da ba ta kai ta ba ta hau sumul.

To me za ka yi kafin ka saya? Buɗe kwalinka, ka ciro faranti biyun tayar haƙora, ka haɗa su ba tare da gam ba. Samu ma'aunin nan mai baki biyu da makanikai da masu walda ke auna kaurin ƙarfe da shi, ka auna nisan layin haƙora da layin haƙora, ka auna daga tsinin haƙori zuwa na kusa da shi, ka ƙirga haƙoran. Ka auna faɗin sarƙar da ta zo a kwalin, ka ƙirga gaɓoɓinta. Ka rubuta duka a takarda. Sannan ka karanta abin da mai sarƙar ya rubuta a fakitinsa. Masu kirki suna faɗin kwalin da suka gwada a kai: wannan don na kamfanin Tamiya, wannan don Dragon, wannan don Takom ko Zvezda. Wasu fakitocin Friulmodel ma har da tayar haƙora ta ƙarfe suke zuwa, domin sun san ta kwalin ba za ta karɓa ba. Idan ka samu irin wannan, rabin damuwarka ta kau, saura ka duba ko ramin tayar zai shiga ƙafar da ke jikin samfurinka.

A nan akwai wani tarko. Sunan da ke kan kwali ba kullum shi ne wanda ya ƙera robar da ke ciki ba. Kamfanoni suna sayen kayan juna su zuba a nasu kwalin. Revell na Jamus ya sha sayar da samfuran da wasu suka ƙera, Tamiya ma ya sayar da na Italeri. Haka kuma kamfani ɗaya yana iya samun Panther biyu ko Sherman uku, ɗaya ta shekarun 1970, ɗaya ta kwanan nan, kuma babu abin da ya haɗa awonsu. Don haka lambar kwalin ita ce abin riƙewa, ba sunan kamfani kaɗai ba. Duba kuma jikin firam ɗin robar, sau da yawa an buga sunan ainihin maƙerin da shekarar a wurin. Idan za ka tambayi mai sayarwa, ka ba shi lambar. Ga wanda kayansa za su ƙetaro teku, ya biya kuɗin aike, ya jira makonni, mayar da kaya ba abu ne mai sauƙi ba. Tambaya ɗaya kafin biya ta fi arha.

Idan kaya sun iso, kada ka zauna ka haɗa gaɓa 190 a dare ɗaya. Haɗa goma kawai, ka naɗa su a tayar haƙoran da ba ka manna ba tukuna. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Idan goman nan suka kwanta, kowane haƙori ya shiga raminsa ba tare da dannawa ba, to ci gaba. Idan faɗi ne ya ɗan saɓa, gyaransa mai sauƙi ne tunda ba ka sa gam ba: ko ka goge tsakanin farantan biyu su matso, ko ka sa siririn yankin roba su buɗe. Idan haƙoran ne suka yi kauri, ka ɗan rage su da fayil. Idan kuwa tazarar gaɓa ce ta saɓa, akwai dabarar da masu aikin suka daɗe suna yi: a yanke haƙoran da sarƙa za ta rufe, a bar waɗanda ido ke gani. Wannan yana yi wa samfurin ajiya, wanda zai zauna a kan kanta. Wanda zai yi tafiya da inji kuwa, wannan dabara ba tasa ba ce.

T-34 ta Sobiyat tana da nata hali, ya kamata a ware ta. Tayar da ke jan sarƙarta ba ta da haƙora sam, 'yan gangunan ƙarfe ne a tsakanin faranti biyu, su ke tura ƙahonin sarƙar. Gaɓoɓinta kuma bi-da-bi suke, ɗaya mai ƙaho, ɗaya marar ƙaho. Ma'ana, adadinsu dole ya zama mai rabuwa biyu. Idan sarƙa ta yi maka tsawo, ba ka da ikon cire ɗaya, sai biyu. Sarƙarta ta farko faɗinta milimita 550 ce, daga baya aka koma 500 mai zanen raga, gaɓa 72 a gefe. Filolinta kuma kawunansu ciki suke kallo, wajen jikin tanka, domin akwai wani tudun ƙarfe a bayan jikin da ke buga su su koma duk lokacin da suka fara zamewa. Wanda ya san wannan ba zai juya sarƙarsa ba.

Wannan ya kawo mu ga zancen dama da hagu, gaba da baya. Wasu fakitocin suna zuwa da jaka biyu, ta dama da ta hagu. Kada ka zube su a faranti ɗaya. Kuma kowace sarƙa tana da fuskar da take kallo. Sanya ta a juye kuskure ne da ake gani ko a samfuran da aka sha wahalar fentinsu. Hoton tankar gaske daga gaba shi zai raba gardama.

Sai maganar ɗauri. Tayar da ke can ɗaya ƙarshen, wadda ba ta da haƙora, a tankar gaske ita ake matsarwa a ɗaure sarƙa ko a sassauta. A samfuri ma haka. Kada ka manna ƙafarta sai sarƙa ta hau, domin da ita za ka cinye rabin gaɓar da ta yi saura. Adadin da takardar umarni ta faɗa kuwa, ɗauke shi a matsayin kusan haka, ɗaya na iya ƙaruwa ko ta ragu. Yawan saki kuma ya danganta da tankar. Panzer IV da manyan tankokin Sobiyat irin su KV sarƙarsu takan yi ciki tsakanin ƙananan tayoyin sama. T-34 da T-55 da Tiger ba su da tayoyin sama, sarƙar kan tayoyin ƙasa take kwanciya. Sherman kuwa a ɗaure tamau take, domin robar da ke cikin mahaɗanta tana sa ta naɗewa da kanta. Sherman mai sarƙa lako-lako ba daidai ba ce, komai tsadar ƙarfen.

Daga nan ne nake so in faɗi ra'ayina, ko da masu sayar da kaya ba za su so ba. Ba kowane samfuri ne yake bukatar sabuwar sarƙa ba. Sarƙar ƙarfe sau da yawa kuɗinta na kamo kuɗin kwalin gaba ɗaya. Babbar fa'idarta nauyi ne, yadda take zubowa ta kwanta da kanta. To idan tankarka Sherman ce da ba ta son saki, ko Abrams ko Leopard 2 da allunan gefe suka rufe rabin sarƙar, me ka saya? Sababbin kwalaye da yawa suna zuwa da sarƙar roba mai tauri wadda ta wadatar. A ƙananan girma irin 1/72 ma, ta kwalin ce kusan kullum ta fi dacewa, sai dai a kula kada a haɗa ta da 1/76, girman da kamfanonin Airfix da Matchbox suka yi tankokinsu a kai, don sun yi kama amma ba ɗaya ba ne. Inda ƙarfe ya cancanci kuɗinsa shi ne tankar da sarƙarta ke fili tana saki, ko wadda za ka nuna tana hawa tudu, ko wadda sarƙarta ta tsinke ta zube a ƙasa.

Idan ka zaɓi ƙarfen, ka san yana da nauyi, kuma ƙafafun tayoyi na roba ne. Mai hankali yakan huda ƙafar tayar gaba da ta baya ya zura ɗan sandan tagulla. Ramukan gaɓoɓi sukan zo a toshe, sai ka bi su da siririn abin huji, kusan rabin milimita, da hannu ba da inji ba. Ɗigon sufa gulu a bakin wayar ya isa, kada ya gangara cikin mahaɗa ya daskarar da ita. Masu manyan tankoki na 1/16 da ake tuƙawa da rimot, irin na Heng Long da Tamiya, ku ma ku ji: sarƙar ƙarfe tana son tayar haƙora ta ƙarfe da giya ta ƙarfe. Ka ɗora ta a kan giyar roba, haƙoran giyar ne za su biya.

Kalma biyu a kan lafiya, domin yara suna son zama kusa da mai wannan aiki. Ruwan da ake jiƙa sarƙar ƙarfe a ciki don ta yi baƙi, irin na kamfanin AK Interactive da makamantansa, guba ne, yana kuma cin fata. A sa safar hannu, a buɗe taga, a ɗaga kwalbar sama inda hannun yaro ba zai kai ba, kuma kada a zuba shi a kofin da ake sha. Ƙarfen kansa wani yana da dalma a ciki, a wanke hannu kafin a ci abinci. Rezin kuma idan za a goge shi a jiƙa shi da ruwa, kada ƙurarsa ta shiga huhu. Filolin nan ƙanana ne ƙwarai, mai rarrafe zai iya kai su baki.

Jama'a, lokaci ya cim mana. Wanda yake da kwali a gida yana shirin yin oda, roƙona gare shi ɗaya ne: a daren nan ya ciro tayar haƙoran, ya auna, ya ƙirga, ya rubuta lambar kwalin da ƙirar tankar da shekararta, sannan ya nemi sarƙa. A mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu ɗauki yadda ake yi wa sarƙa fenti da tsatsa da ƙura. Kafin nan, a yi aiki lafiya.